Ɗiyar ɗan biɗa

A Adar ba a cika tambayar yaro ko babansa yana gida ba, sai dai a ce masa ina yake bana. Nawa Abijan yake. An haife ni a Tawa, unguwar Bilbis, a 1985, kan jelar yunwar da iyayenmu suke kira El Buhari, kuma ranar sunana Baba yana kasuwar Ajame da teburinsa na batir da tocila da kwado. Ƙanensa ne ya yanka rago. Ina ba da wannan labari ne saboda matan da ake yi wa lakabi da masu baƙin kishi, da mazan da ake cewa ba su da zuciya a ƙirji. Na zauna da duka biyun, kuma ni kaina na daɗe ana lissafa ni cikin na farkon.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin yadda gari yake zama na mata da tsofaffi da zarar an gama girbi. Maza su ɗaure jaka su nufi Kwaddibuwa, Kamaru, Najeriya, daga baya Libiya da Aljeriya. Wasu su dawo kafin ruwan shuka, wasu su shekara biyu ko uku. Baba yana cikin masu daɗewa. Lokacin babu salula. Saƙo shi ne wasiƙar da za a kira ɗan lakwal ya karanta, ko kaset ɗin da ya ɗauki muryarsa a ciki yana gaida kowa da kowa bi da bi, tun daga tsohuwarsa har akuyar gida, sai can ƙarshe ya ce "a gaida mutanen ɗaka", wato Inna ke nan. Kuɗi kuma a hannun wanda ya dawo ake ba da su, a ƙulle cikin leda.

Matar aure ba za ta je ta tsaya gaban namiji tana tambayar ko mijinta ya aiko ba. Ni ake aike. Da an ji wani ya sauka daga Abijan, Inna za ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, tahi ki gaida kawunki, ki ji ko da saƙo." Tun ina 'yar shekara bakwai ko takwas na iya karanta fuskar mutum daga bakin zaure. Idan ya ce "A'a, ɗiyata, ke ce kika girma haka?" ya sa hannu aljihu, akwai. Idan ya fara dogon bayani kan yadda kasuwa ta lalace, babu. Daga nan sai tafiyar komawa gida, ina jan ƙafa, don na san abin da zan tarar ya danganta da abin da na riƙo.

Ranar da saƙo ya zo Inna wata mace ce daban. Za ta dafa shinkafa da wake, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso tana 'yar waƙa. Idan wata uku ya wuce shiru, ko kwano na kifar sai na sha duka. Ni ce ɗiyar fari, ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata a gaban mutane, kuma ban taɓa ganin laifin wannan kunya ba, ƙawayena 'yan fari da yawa sun tashi lafiya lau a cikinta. Abin da ya ci ni shi ne ban san ranar da za a so ni ba. Ba halina ke kawo ranar ba, motar Abijan ke kawo ta.

Wuri ɗaya ne ba ya canzawa, ɗakin Kaka, mahaifiyar Inna. Can aka kai ni yaye, kuma ban bar kwana bayanta ba sai da ta rasu ina aji biyar. Tana sayar da hura a ƙofar gida. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba muryarta ɗaya ce, tsokanarta ɗaya ce, "kishiyata" take ce mini.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mu da Kwaddibuwa kuɗinmu ɗaya, don haka jika biyar ɗin da Baba yake aikowa, wato sefa dubu biyar, ba ta ragu a ƙidaya ba, abin da take saya ne ya ragu. Sukari, sabulu, magani, atamfa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. Kayan teburinsa ma daga waje suke zuwa. Saƙo ya fara nisa. A wannan lokacin ne mata suka fara raɗa a bakin famfo cewa ya yi aure a can. Har ya koma ga Allah ba mu tabbatar ba. Amma Inna ta rayu da wannan kishiyar da ba ta taɓa gani ba shekara da shekaru, tana auna kowace jika da ta zo da wadda take zaton an ba waccan.

Yaƙin Kwaddibuwa ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002, baƙi suka zama abin zargi, Baba ya dawo da jaka ɗaya. Mutumin da muka sani a kaset mai barkwanci ne. Wanda ya dawo ba ya magana. Ya fita da asuba, ya zauna majalisa, ya shigo bayan isha'i. Sai fara ta sauka a 2004 ga ƙarancin ruwa, 2005 ta zo da yunwar da kowa ya sani. Buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. Mun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu.

Wata safiya Inna ta ce, "Malam, mi za mu ɗora?" Bai amsa ba, ya sa takalmi ya fita. Washegari haka. Rana ta uku ta maimaita tambayar, sai aka yi rashin sa'a ƙanensa yana tsaye a tsakar gida. A daren ya ba ta takardarta. Aure na shekara ashirin da wani abu. Dangi suka ce bakinta ne ya ja mata, mace ba ta tona asirin miji. Ni da nake wurin na san ba tambayar ce ta kashe auren ba. Baba ya kasa zama gida ɗaya da idon da ya ga ranar da ya rasa tiya guda, shi ya sa ya kori mai idon. Na bi Inna gidan kawuna. Ƙanena, yana da shekara 15, ya zauna wajen Baba, kuma daga wannan shekarar shi ma maganarsa ta ƙare.

An yi mini aure a 2006. A ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika 18, ni na makara, lakwal ce ta riƙe ni har na samu brebe, takardar gama kwaleji. Mijina magini ne, yana aiki Libiya, a Sabha, daga baya Tarabulus. Mutumin kirki, ba ya zagi, ba ya duka, ina so a san wannan. Zamani kuma ya canza, salula ta shigo. Kuɗi sai ya ba wani alhaji dinari a can, wakilinsa a kasuwar Tawa ya ƙirga mini sefa. Kowa ya ce na huta, ban ga wahalar da Inna ta gani ba.

Salular nan ita ta ƙarasa ni. Inna tana jiran saƙo wata uku sau ɗaya, ni ina jira kowace sa'a. In yi masa bip, wato in kira in katse, in ajiye wayar a cinya ina kallo. Idan ya kira nan take, sai in ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Idan bai kira ba, kafin magariba na riga na aurar da shi, na ga matar, na ga ɗakin da za a ba ta, na ga kayana a ƙofar gidan kawu. Ba na cin abinci. Idan ya kira daga baya ya ce yana saman bene ne da siminti a hannu, maimakon in yi murna sai in hau shi da faɗa, in ya yi shiru in fashe da kuka ina ba shi haƙuri. Na kai kuɗi wajen malamai an yi mini rubutu. Na riƙa kiran abokansa da sunan gaisuwa. Watan da kuɗi suka zo cikakku ina samun barci. Watan da suka zo da giɓi, ba na cewa aiki ya yi ƙaranci, cewa nake ya fara rabawa biyu.

A 2011 Libiya ta kama da wuta. Ya dawo ta Dirku da Agadas a saman babbar mota, cikin dubban 'yan Nijar da suka gudo, kuɗin aikinsa na watanni suna hannun wanda ya ba shi kwangila, ba a sake jin labarinsa ba. Da na ga ya fara fita da safe ya zauna fada yana shan shayi har dare, sai jikina ya yi sanyi, don na taɓa ganin wannan tafiyar. Na sa a raina ba zan bari ya zama Baba ba, kuma hanyar da na sani ita ce in matsa. "Mi ke damunka? Ka daina sona ne? Wa ka gani?" Ina matsowa yana ja da baya, yana ja da baya ina ƙara matsowa. Ya koma kwana a zaure wai zafi. Uwarsa ta ce, "Ɗiyar nan ba ki da haƙuri, namiji in ba shi da shi ƙyale shi ake yi." Na yi yaji, aka yi biko, na sake yi. A 2013 ya sake ni, ina goye da namiji, babbar kuma mace tana da shekara shida. Da ta ƙara wayo suka karɓe ta, kamar yadda aka saba, aka kai ta riƙo wajen kakarta.

Zawarci a gidan kawu ba sai na ba da labarinsa ba, duk wadda ta yi ta sani. Brebe ɗina na ɗauko na shiga makarantar horon malamai ta nan Tawa, na fito malama 'yar kwantiragi. Kuɗin kaɗan ne kuma ba kullum suke zuwa kan lokaci ba, amma sunana ne a takardar. Wata maƙwabciya ta ja ni cikin ƙungiyarsu ta Mata Masu Dubara, tsarin asusun da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasar nan har ya ƙetare ta. Kowane mako a zuba abin da aka yanka, akwatin ƙarfe da kwado uku, makullan a hannun mata uku, mai bukata ta ci bashi ta biya da ɗan abin da aka amince. Ban shiga don lafiyar zuciya ba, na shiga don in sayi tunkiya. Amma a shekarar da na fara sanin cewa ko wa ya yi fushi da ni akwai hatsin wata biyu a ɗakina, a shekarar na fara barci har asuba.

Ƙanwata, autar Inna, ita ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Wani hutu muna tsinke zogale ina ba ta labarin bip ɗin nan muna dariya, sai ta ce, "Yaya, abin nan naki fa an yi karatunsa." Ta ce wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara bayanin cewa jariri yana neman mutum guda ko 'yan kaɗan da zai fake gare su in ya tsorata, kuma yadda aka amsa masa yake zame masa ma'aunin abin da zai sa rai daga mutane. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth a Afirka ma ta fara nata binciken, a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda, a 1954 da 1955, tana shiga gida gida tana kallon uwa da ɗa. Sai a 1987 wasu biyu a Amurka, Hazan da Shaver, suka buga tambayoyi a jarida don su ga ko manya ma haka suke da masoyansu. Kashi 56 cikin ɗari suka fito masu natsuwa, sun yarda ana son su kuma ba sa tsoron dogara da wani. Kashi 19 masu fargaba, kullum suna jiran ranar da za a bar su, suna riƙo har riƙon ya gaji wanda aka riƙe. Kashi 25 masu kaucewa, in abu ya yi zafi sai su rufe ƙofa, ba sa nema ba sa so a nema gare su.

Na ce to ai kin kira sunana da na baban yara. Ta ce an lura maza sun fi karkata ga kaucewa, mata ga fargaba, amma bambancin ba shi da girma kamar yadda ake zato, akwai maza masu bip, akwai mata masu rufe ƙofa. Ta kuma ce rashin natsuwar ya fi yawa a wajen masu ƙaramin ƙarfi. Ta ba ni labarin wani bincike da aka fara a 1989 a jihar Iowa ta Amurka, bayan manoma sun shiga bashi sun yi ta rasa gonaki, aka bi iyali 451 shekara da shekaru. Abin da aka gani, matsin kuɗi yana taɓa zuciyar uba da uwa, daga nan ya shiga tsakaninsu, daga nan ya sauka kan yara ta hanyar tsawa da rashin kulawa. Na ce wannan ai ba sai an je Amurka ba, da sun zo Bilbis a 2005 da sun gama da wuri.

Na karɓi rabin maganarta, rabi kuma har yau muna gardama. Inda na karɓa, ta sauke mini wani nauyi: ashe ba aljani ba ne, ba baƙin hali ba ne da aka haife ni da shi, abu ne da na koya a hanyar gidan kawu, kuma su masanan da kansu sun ce yana iya canzawa in zama ya canza. Na kuma ji daɗin wani bincike da ta ce an buga a 1977 kan jarirai 18 na Hausawa a Najeriya, inda aka ga yaro a gidan yawa yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, ba uwa kaɗai ba. Nan na gane matsayin Kaka. Ɗan abin da nake da shi na yarda da mutane, a bayanta na same shi.

Inda ban karɓa ba shi ne a ce fargabar tana cikin kaina ne kawai. Baturiyar da ta cika takardar jarida, in mijinta ya tafi, tana da aikinta, kotu za ta raba musu dukiya. Ni a lokacin auren fari, kalma ɗaya daga bakinsa za ta raba ni da ɗaki, da abinci, da ɗiyata, da mutuncina a unguwa, duk a yini guda, kuma kusan haka aka yi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a Nijar suna zaune da kishiya, ke nan wadda take zargin za a yi mata ba mafarki take ba, lissafi take. Macen da ba ta da ko dala tata, so da tuwo a kwano ɗaya ake kawo mata su, yaya za a yi ta ji motsin kwanon ba ta firgita ba? Namiji kuma tun yana yaro an gaya masa darajarsa ita ce abin da ya ajiye na cefane. Ranar da babu, ba shi da wata fuskar da zai shigo da ita, kuma ba a koya masa kalmomin da zai faɗa ba. Mu ana ce mana mu yi haƙuri, su ana ce musu namiji ba ya kuka, sai a bar mutum biyu masu tsoron abu ɗaya kowa a ɗakinsa.

Na sake aure a 2017, kuma ni ce amarya. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Galmi da Madawa. Ranar da aka kai ni na durƙusa gaida uwargida, na ga idonta, na san shi, idon Inna ne lokacin raɗe-raɗin famfo. Ban iya yi mata komai a kai ba, sai dai ban taɓa tambayar abin da ya ba ta ba, kuma ina kiranta Yaya.

Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, muka ɗan taɓa wahala. Ta gaske ta zo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, shinkafa ta yi tsadar da ba mu saba gani ba. Mota ta tsaya. Sai ga alamun nan sun dawo ɗaya bayan ɗaya: fita da sassafe, dawowa bayan yara sun yi barci, "na ci a waje" alhali na san bai ci ba. Cikina ya ɗauki rawa irin ta da. Tambayoyin nan uku suna bakin harshena.

Daren girkina ne, na ajiye masa ruwa na zauna nesa kaɗan. Na ce, "Malam, ba fitina na zo da ita ba. Nawa ya rage?" Ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Babu. Har da bashi." Shekarata 38 a lokacin, kuma shi ne namiji na farko da ya taɓa faɗa mini wannan kalma da bakinsa. Abin mamaki sai na ji rawar cikin ta tsaya. Babu abu ne da na san yadda ake yi da shi, na ci anza. Shirun ne ban taɓa sanin yadda ake yi da shi ba.

Ba jarumtaka ce ta sa na iya yin tambayar a haka ba. Ina da kuɗin kwantiragi, ina da tumaki huɗu, ina da zubi a akwati. Ko amsarsa ta zama takarda, ba zan kwana da yunwa ba. Inna ta yi tambaya irin wannan ba ta da komai a bayanta, shi ya sa muryarta ta fito da kaifi, shi ya sa Baba ya ji ta kamar tuhuma. Da safe na ce ya kira Yaya mu zauna mu uku. Ya ƙi, ya ce kunya. Ni na je na same ta. Ta yi kuka, don ita duk zatonta ni yake kai wa. Muka haɗa tukunya ɗaya har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, na sayar da tumaki biyu, ita ta fara ƙosai.

Kada a ɗauka an zauna lafiya ke nan. Da mota ta tashi muka raba tukunya, kuma ni da Yaya muna samun saɓani kamar kowa. Shi ma bai zama mai zance ba, yawan bashin nan sai a bakin yaron motarsa na ji. Ni kuma har gobe in wayarsa tana kashe a hanyar Gaya ko Ƙonni, sai na farka tsakar dare ƙirjina yana bugawa. Bambancin, yanzu ina tashi in yi alwala in jira safiya, ba na kiran abokansa.

Ƙanena yana Tamanrasat ta Aljeriya. Bai taɓa fashin aike ba, kowane wata matarsa tana zuwa Nita, kamfanin aika kuɗi, ta karɓa. Amma sai ya yi wata biyu bai kira ta ba. Da Baba ya rasu bai zo ba, kuɗin sadaka ya aiko, masu yawa. Matar tana nan kusa da mu, yarinya ce, yini take tana duba WhatsApp ko alamar ta zama shuɗiya. Na kira shi na ce, "Kai, ka riƙa jin muryar matarka mana." Ya ce, "Yaya, mi zan ce mata? Ba na aiko ba?" Na ce ka ce mata ka gaji, ka ce akwai sanyi, ka ce komai. Ya yi 'yar dariya ya ce kati zai ƙare. Ita dai na sa ta cikin asusunmu, ta fara saƙa hula.

Ɗiyata ta dawo hannuna da kakarta ta rasu, tana kwaleji. Ita ba irina ba ce, irin kawunta ce, ba ta roƙo, ba ta kuka a gaban mutum, in na rungume ta sai ta sandare. Na san shekarun da suka yi mata haka, kuma ba a dawo da su. Yanzu wani yaro ya fito, ɗan gidan mutunci, yana aikin zinariya a Cibarakaten, ya zo wata ɗaya ya koma wata takwas. Babanta ya amince, yana so a sa rana bayan sallar layya. Na aika masa ta bakin kawuna cewa ban ƙi yaron ba, amma sai ta gama ta samu takardarta, kuma keken ɗinkin da na saya mata ba ya cikin kayan ɗaki, nata ne, da sunanta a rasit. Ya aiko cewa ina so in koya mata rashin yarda da miji tun ba ta shiga ba. Kawu ya ce in bari a sake zama bayan an girbe hatsi, ya kuma roƙe ni in bar shi shi ya yi magana a zaman, kada in buɗe baki. Na ce masa zan zo, sauran ban yi alkawari ba.